Shamuwa a Kan Bututun Hayaƙi

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can bisa tsauni, tun kakanninku suna da haƙoransu cif. Sunansa Nomau. Shi ba malami ba, ba attajiri ba, dankali yake nomawa a 'yar gonarsa ya kai kasuwa. Ku matso, jama'a. Na baya ku bar hirar nan haka, labarin naku ne.

Garin nan sanyi gare shi. Ba irin namu na nan ba da za ka ja mayafi ka hau minshari, a'a, sanyi ne mai shiga ƙashi, rani da damina. Gidan da Nomau ya gada kuwa tsohon gini ne na masu haƙar kuza, da murhu a cikin falo, da dogon bututun hayaƙi na jan bulo da ya huda rufi ya miƙe sama. A gaban murhun nan mahaifiyarsa, Iya Ladingo, take wuni. Ta tsufa, gwiwoyi sun ƙi, in ba ta ji ɗumin wuta ba ko alwala da ƙyar take tashi ta yi.

To, mutanen unguwar sun shiga inshorar gida, irin wadda kowa ke zuba ɗan abin da aka yanka masa a asusu ɗaya, wanda masifa ta faɗa wa a ɗiba a gyara masa. Amma da sharaɗi, ku saurara da kyau. In iska ce ta rusa maka, ko tsawa, ko itace ya faɗo, asusu zai biya. In kuwa tsufa ne ya ci abin, ko ka ga tsaga da idonka ka bar ta, wannan naka ne, kai za ka gyara. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Nomau yana da maƙwabci, Barau magini, mutumin kirki amma baki kamar rediyo. Wata rana Barau ya ɗaga kai ya ce, "Nomau, bututun nan naka ya tsage fa. Daga nan ina hango sama ta cikinsa. Bari in gama aikin da ke hannuna in zo da tsani."

Ya gama aikinsa, ya zo da tsani, ya hau. Sai aka ji shi shiru. Barau da shiru, ai kun san da magana. Ashe shamuwa ce ta iso da farkon damina, ta duba duk itatuwan garin ba ta ga wanda ya yi mata ba sai kan bututun Nomau. Ta jibga ƙirare, ta yi sheƙa, ta zauna daram.

Barau ya leƙo daga sama ya ce, "Ƙwai ne a ciki. In ture?"

Nomau ya ce, "Subhanallahi! Sauko."

"Tsagar fa?"

"Ta jira su ƙyanƙyashe su tashi."

Barau ya ce, "Tsaga ba ta san jira ba, malam. Kuma Iya fa? Ba wuta ke nan, in ka hura ka gasa su."

Iya Ladingo tana jin su daga ciki, ta ɗaga murya ta ce, "Kai, Barau, sauko ka bar baiwar Allah. Ni ma na san zaman jego. A kawo mini kasko da garwashi, ya ishe ni."

Haka aka yi. Iya ta koma jin ɗumin kasko, shamuwa ta ƙyanƙyashe, 'ya'ya suka girma suna ta ɓata wa Nomau rufi da farin kashi, shi kuwa yana dariya. Kullum Barau ya wuce sai ya kalli tsagar ya girgiza kai.

Ana nan, ana nan, wata rana bayan la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, da wata iska da tsofaffin garin suka ce sun daɗe ba su ga irinta ba. Ta yaye kwanon gidaje, ta karya rassa. Bututun Nomau ya yi tangaɗi, ya rufto, ya fasa rufin falo, bulo ya zube daidai kujerar Iya. Allah mai iko, ita tana gidan Barau ana yi mata kitso. 'Yan shamuwa kuwa sun riga sun yi fiffike. Da ruwa ya ɗauke aka gan su jere a kan mangwaro, sun jiƙe sharkaf, suna kallon ɓarnar kamar ba ruwansu.

An yi godiya ga Allah, ba a rasa rai ba. Amma ga falo a buɗe, damina ta kankama, Iya ta fara tari, Nomau kuwa ko ya sayar da dankalinsa kaf ba zai tayar da bututun nan ba.

Da safen ranar da ma'aikacin inshora zai zo dubawa, Barau ya ja shi gefe ya ce, "Ka ji ni da kyau. Ni kaɗai na ga tsagar nan, kuma na shafe bakina da siminti. Iska ta yi ɓarna ko'ina, wa zai yi shakka? In ya tambaya, ka ce ƙalau yake. Kalma ɗaya ce, Nomau. Ka dubi Iya."

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, ran Nomau ya so. Ya so ƙwarai. Ya dubi tsohuwar nan a takure cikin bargo, ga kwanoni an jera ana tarar ruwa, zuciyarsa ta ce masa ai iskar ce dai ta kayar, ina ƙaryar take? Kun san muryar nan, ko? Kowa a nan ya taɓa jin ta. Alhaji, na ga kana murmushi.

Ma'aikacin ya iso a kan babur, wani mai suna Malam Hashimu. Ya gaida Iya, ya zaga, ya duba, sannan ya ce, "Kafin iskar, bututun lafiyarsa ƙalau?"

Kafin Nomau ya buɗe baki Barau ya yi tsalle ya shiga gaba. "Ranka ya daɗe, ni ne magini a unguwar nan. Ni na hau shi da ƙafata. Wallahi..."

Nomau ya kama hannunsa ya ce, "Tsaya, Barau. Kada ka ƙarasa." Ya juya ga baƙon ya ce, "Malam, a tsage yake. An nuna mini, na gani, an zo gyarawa na hana, saboda shamuwa ta yi ƙwai a kai."

Malam Hashimu ya dube shi ya ce, "Ka san abin da maganar nan za ta jawo maka?"

"Na sani."

Barau ya dafe kai ya ce, "Don tsuntsu fa ya yi, ranka ya daɗe! Tausayi ne, ba sakaci ba!"

Nomau ya ce, "Shi ya sa ma. Tausayin ni na yi, in da lada ni nake fatan samu. Asusun nan kuwa na jama'a ne, har da gumin matar da ke tuyar ƙosai a bakin hanya. Ba su aike ni in ji tausayin shamuwa ba. Yaya zan yi kyauta, in ce su biya?"

Malam Hashimu ya ce bututu da abin da ya fasa asusu ba zai biya ba, sai dai kwanon kicin da iska ta yaye da kanta. Ya hau babur ɗinsa, ya waiwayo ya sake kallon Nomau, ya tafi. Iya ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Gara in ji sanyi da in ji ɗumin haram."

Barau kuwa fushi ya hana shi zama. Ya kwashe Iya ya kai ta ɗakin matarsa, yana mita, sannan ya bi gari yana ba da labari. Majalisa, bakin masallaci, wajen mai shayi, ko'ina ya tsaya sai ya ce, "Ku zo ku ji wauta! Mutum ya ƙi kuɗin asusu saboda shamuwa!" Shi a nufinsa a taya shi jin haushi. Amma duk wanda ya ji sai ya ce, "Asusun da muke zubawa? Ashe kuɗinmu ya bar mana." Barau bai ankara ba, ashe gayya yake kira da bakinsa.

Da aka sami sararin ruwa sai ga mutane a ƙofar Nomau. Wannan da yashi, wancan da ragowar siminti, wani da kwano biyu da ya rage masa. Aka tsince tsohon bulo aka kankare. Matar ƙosai ta zo da kaskonta ta ciyar da ma'aikata. Barau ne a sama yana ɗora bulo yana faɗa, kuma ko sisi bai karɓa ba. Da Nomau ya yi masa godiya sai ya kawar da kai ya ce, "Bar shi kawai. Rabin rantsuwa ta fita daga bakina ka tare sauran. Wannan ba zan iya biyanka ba."

Kafin ya sauko ya kafa wani dogon ice a gefen gida, ya ɗaure tsohon daro a kai, ya ce nan ne masaukin shamuwa, shi ba zai sake jiran tsuntsu ya gama jego ba. Da damina ta kewayo shamuwa ta dawo, ta kalli daron, ta kalli sabon bututu, Allah ya taimaki Barau ta zaɓi daro. Iya Ladingo kuwa tana gaban murhunta tana miƙe ƙafa.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Duk abin da aka tara da sunan kowa amana ne, ko asusun inshora ne, ko na masallaci, ko adashin mata. Kada ka ɗora wa iska laifin tsagar da ka daɗe kana kallo. In ka ga tsaga a gidanka, gyara ta tun da wuri. In kuwa ka bar ta don alheri, madalla, amma alherin naka ne, kai za ka ɗauki nauyinsa. Kuma in ka ga ɗan'uwanka zai rantse a kan ƙarya saboda son da yake maka, kama hannunsa kafin ya ƙarasa. Allah ya ba mu ɗumin halal a gidajenmu. Ku ce amin.