Godiyar da Ta Kori Tankar Ruwa

Akwai wani mai shirya shirye-shirye a gidan rediyon gwamnati, abokan aikinsa suna kiransa Lafiya-Lau, domin duk labarin da ya bi ta hannunsa, ko na gobara ne, sai ya fito sumul. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Kullum maganarsa ɗaya: "Gwamnati ta gina gidan nan, ita ke biyan albashi, ita ke zuba wa janareta mai. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

Yana da wani shiri da ake gayyato manyan jami'ai, masu sauraro su bugo waya su yi tambaya. To ku ji dabararsa. Kafin baƙo ya iso, sai ya zare layin da jama'a ke kira, ya tara direba da mai gadi da sakatariya a ɗakin ajiyar kaya, ya ba su wata lamba daban. Su ne masu sauraron. Mai gadi har ya ƙware da muryar tsoho mai tari.

Wata rana Ministan Ruwa ya zo. Direba ne ya fara kira, ya matse hancinsa da yatsu don kada a gane shi.

"Ranka ya daɗe, godiya kawai na bugo in yi. Ruwa a unguwarmu har ya ishe mu, famfo ba ya hutawa!"

Minista ya washe baki. "Madalla! Daga wace unguwa kake kira?"

Ba a shirya wannan tambayar da direba ba. Ya daburce, sai bakinsa ya kamo unguwar da yake zuwa kowace safiya ɗauko maigidansa. "Bayan tashar mota, ranka ya daɗe."

Unguwar Lafiya-Lau ke nan, wadda famfunanta suka daɗe da ƙafewa, tankar gwamnati ce ke kai musu ruwa.

"Alhamdu lillahi, ashe gyaran ya kammala," in ji Minista, duniya tana ji. "Tankar da ke zuwa can, a mayar da ita wata unguwa mai buƙata."

Lafiya-Lau yana tsaye bayan gilashin ɗakin watsa shiri, yana jin komai.

Tanka kuwa ta daina zuwa. Da yamma ya tarar da matarsa a tsakar gida, ta jera jarkoki a cikin baro.

"Baban Auta, ko da hanci a toshe, na san muryar mai danna mana hon a ƙofa kullum. Ban faɗa wa maƙwabta ba tukuna. Ga baro nan, rijiya tana bayan makaranta."

Haka ya riƙa tura baro kafin ya tafi ofis. A layin rijiya ba a hirar komai sai ta wanda ya bugo wayar nan. Wata tsohuwa mai ɗauke da bokiti tana dingishi ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allah ya isa tsakaninmu da shi!"

Kowa ya ce amin. Ta juyo ta dube shi. "Kai ɗan nan, ba ka ce amin ba."

"Amin, Iya," ya ce da wata siririyar murya. Kunya ta kama shi sosai, ya karɓi bokitinta ya ɗora a baro ya kai mata har ƙofar gida.

Da Minista ya sake zuwa shirin, Manajan gidan ya leƙo ya ce, "Ka dai san tsarin." Lafiya-Lau ya gyaɗa kai. Ya san in ya saɓa, kujerarsa ce za ta tafi. Ya leƙa ɗakin ajiya ya ce wa su direba, "Yau ku huta." Sannan ya sunkuya ya mayar da layin jama'a.

Nan take wayar ta hau ƙara. Tsohuwar nan ce ta fara samu.

"Minista ne? To ka saurara, na haifi kamarka. Mu mutanen bayan tasha ko ɗigo babu a famfonmu. Wanda ya gode maka rannan, ka tambaye shi a ina yake wanka!"

Kira ya biyo kira. Minista ya daina murmushi, ya ce wa mataimakinsa ya riƙa rubutawa. Manaja kuwa sai fifita yake da hularsa.

A makon nan tanka ta dawo, aka kuma fara haƙar sabon bututu. Manaja bai yafe ba. Ya cire Lafiya-Lau daga shirin, ya mayar da shi karanta gaishe-gaishe da cigiyar awaki.

Lafiya-Lau ya koma gida ya faɗa wa matarsa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kai masa bokiti cike taf banɗaki.

"Cigiyar akuya ai aikin lada ne, Baban Auta. Je ka yi wanka, yau ba sai ka rage wa Auta ba."

Darasi: Rediyon gwamnati da kuɗin jama'a yake aiki, don haka muryar jama'a ce ya kamata a ji. Wanda ya toshe bakin mutane ya toshe kunnen shugaba, kuma cutar za ta iske shi har cikin gidansa. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki, musamman masu aikin jarida.