Ruwan Wankan Inna Tasalla

Ku gyara zama. Labarin nan ba na daɗi ba ne, kuma ni mai ba ku shi da hannuna a ciki dumu-dumu, saboda haka kada wani ya sa ran zan fito da farar riga a ƙarshe. In na kai aya, hukunci naku ne, don ni shekara da shekaru ke nan ina juya abin a raina ban kamo bakin zaren ba.

Unguwar da na tashi a birni, rafi ne ya raba ta da maƙabarta. Rafin Marke ake ce masa. Muna yara a nan muke kamun tarwaɗa, mata su yi wanki, matafiyi ya durƙusa ya sha. Babu gada, sai duwatsu bakwai masu faɗi da kakanni suka jera, a kansu ake tsallakawa da makara. Da birni ya cika ya batse, rafin ya koma bolar kowa. Muna da wata ɗabi'a kuwa, wadda na san ku ma kuna da ita, kada ku fara kallon sama: a tara shara a lungu a jira hadari. Ruwa na saukowa sai ka ga kowane gida an fito da kwando da bokiti ana juyewa a kwata, wai ruwa zai tafi da ita. Ina zai kai ta? Ba wanda ya taɓa tambaya.

A unguwar akwai wani dattijo marini, Malam Barau, da matarsa Inna Tasalla, da 'ya'yansu maza uku. Babban, Hashimu, shi ya gaji marina, amma ya watsar da shunin baba da toka irin na ubansa ya koma rinin hoda mai cin hannu, kullum yamma a kwararar da ruwan rinin a rafi. Na tsakiya, Jafaru, wurin yanka da figar kaji ya buɗe a bakin rafin, jini da gashi da hanji duk can suke tafiya, shi kuwa ba ka taɓa ganinsa sai cikin farar shadda yana ƙamshin turare. Autan, Tukur, ya sayi filin da idon ruwan rafin yake, ya gina gidan wanka da ba-haya a ƙasa, ya ɗora gidansa a sama. Da dattawa suka yi ƙorafi, ya je gaban mai unguwa ya rantse cewa idon ya ƙafe tun kafin ya sayi wurin.

Wata Talata a ƙarshen damina, Allah ya yi wa Malam Barau rasuwa da hantsi. Ana cikin yi masa wanka aka tsuge da ruwa. Unguwa ta yi abin da ta saba. Ma'aikatan Hashimu suka buɗe ramukan rini, na Jafaru suka turo tarin ƙazantar kwana uku, ni ma da bakina na ce wa iyalina su yi maza su fitar da tamu sharar kafin ruwan ya ɗauke. Bayan azahar muka sallaci gawa muka ɗauka. Ina riƙe da makara ta gaba, ɓangaren dama. A dutse na huɗu na taka hanjin kaza, ƙafata ta zame, na janyo sauran.

Ba zan tsaya siffanta muku ba. Mun tsamo shi daga cikin leda da ƙazanta, likkafanin nan fari ya koma shuɗi a gefe guda, ɗaya gefen ja. Liman ya ce ba za a kai bawan Allah makwancinsa a haka ba. Muka juya da gawa muka koma gida, mutum fiye da ɗari biyu, ba mai iya kallon ɗan'uwansa. A rayuwata ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna Tasalla ta ga an dawo mata da gawar mijinta gida. Ba ta yi kuka ba. Bayan sadakar uku ta kira 'ya'yan ɗakinta, suka durƙusa a bakin ƙofa.

"Hashimu, launin da ke jikin likkafanin ubanku na san hannun da ya dama shi," in ji ta. "Jafaru, na ji abin da aka taka. Kai kuma auta, kai ka san abin da ka sani. Ban yafe muku ba, ku ukun, har sai ranar da na yi alwala da ruwan rafin nan, liman ya ce alwalar ta yi."

"Inna, ai aikin hukuma ne wannan," in ji Jafaru.

"Hukuma ce ta haife ku? Ku tashi ku ba ni wuri."

Daga ranar ta daina cin abincin gidajensu, in an kawo a mayar da kwano yadda ya zo. Ga ta tsohuwa, ga ciwon ƙirji yana cin ta. Kowa a unguwar ya san abin da ake tsoro: kada ta cika da fushinsu a ranta.

Hashimu ya fara. Ya toshe magudanar marinarsa da siminti, ya koma rinin baba irin na ubansa, mai cin kwanaki kafin ya kama. Masu kawo masa aiki suka watse suka bar shi. Bai tsaya nan ba, don marina goma sha ɗaya ce ke zuba a rafin, tasa ɗaya ce kawai a ciki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har da na yaran da shi ya koya musu sana'a, yana cire hula yana roƙo. Wasu suka yi masa dariya, wani ya ce masa ya je ya rina wani likkafanin. Ya haɗiye. Da suka ce ba su da inda za su zuba, sai ya ba da filinsa na bayan gari, wanda ya tanada don gina wa 'ya'yansa, aka haƙa ramuka, ana kai ruwan rini can a tanki. Kafin sanyi ya fita ba marinar da ke zuba ko cokali guda a Rafin Marke. Hashimu kuwa ya zama abin tausayi, mutumin da a da yake ciyar da ma'aikata talatin. Sai dai dattin shekara ashirin yana nan kwance a rafin ko gezau.

Jafaru ya kwashe wurin figarsa ya mayar bayan gari, sannan ya roƙi mai unguwa a yi shelar gayya. Ranar Asabar ya zo da cebur hamsin da baro ashirin. Mutum nawa kuke tsammani suka fito? Ko ɗaya. Muna leƙe ta zaure, ni ma ina cikin masu leƙen. Mutumin nan da ko ƙura ba ya bari ta taɓa shi ya tuɓe babbar riga, ya shiga ƙazantar har ƙirji, shi kaɗai, yana ɗiba yana turawa tudu. Kwana shida yana haka. Ranar Juma'a bayan an sallame ya miƙe a masallaci da warin rafi a jikinsa, ya ce shi ne ya kayar da gawar ubansa, ba ya tuhumar kowa, yana dai neman wanda zai riƙa masa baro. Wallahi da zagin mu ya yi da ya fi mana sauƙi. Washegari unguwa ta fito ƙwanta da kwarkwatarta, maza a cikin rafi, mata na dafa abinci suna aikowa, makaɗa na zuga mu. Wata uku muna yi kowace Asabar da Lahadi. A wajen aikin fasasshiyar kwalba ta shige wa Jafaru ƙafa, bai kula ba har ta rube, sai da aka yanke masa yatsu uku. Muka kwashe dattin tas, amma abin da ya rage busasshen kwari ne da baƙar laka mai wari, babu ɗigon ruwa mai gudu.

Duk wannan abu Tukur yana aiki tare da mu, yana tura baro, bakinsa a rufe. Shi kaɗai ya san idon bai ƙafe ba. Rufe shi ya yi da kankare, ya ja famfo zuwa tankin gidan wankansa, yana sayar wa mutane ruwan kakanninsu, yana mayar wa rafi abin da ya fito daga ba-haya. In ya yi shiru, ba mai sani har abada. In ya yi magana, ya tabbata mai rantsuwar ƙarya a gaban waɗanda ya rantse wa. Mako biyu yana rama kamar mai jinya. Rannan da safe ya je ƙofar mai unguwa, ya sa aka tara dattawan nan dai, ya ce ƙarya ya yi, ga gaskiyar magana. Wani tsoho ya tofar da yawu a gabansa ya tashi. Tukur ya kwashe iyalinsa ya kai gidan haya, ya ɗauki guduma da kansa ya fara dukan ginin. Kwana tara aka yi ana rushewa. Da aka ɗaga kankaren ƙarshe, ruwa ya ɓulɓulo fari tas, ya bi kwarin da muka share. Har yau a unguwar ba a karɓar shaidar Tukur ko a kan cinikin akuya.

Damina ta zo ta wuce, ba wanda ya fitar da kwando ko ɗaya. Da kaka ta yi muka ɗauko Inna Tasalla a kujera, don ta daina iya tafiya, muka ajiye ta a bakin rafi. Liman ya kamfato ruwa a tafin hannu, ya duba launinsa, ya shinshina, ya ɗanɗana. Ya ce ruwa ne mai tsarki. Tsohuwa ta yi alwalarta a hankali, 'ya'yanta na durƙushe suna jira.

Da sun yi haƙuri na minti ɗaya da labari ya ƙare a nan. Sai wani daga cikin jama'a ya ce Allah ya saka wa Alhaji Jafaru da alheri. Hashimu ya ɗago kai ya ce da bai tare rini ba, da me za a share? Tukur ya ce su yi ta sharewa, ruwan na wane ne? Kafin ka ce me, 'yan'uwa uku suna ɗaga murya a gaban uwarsu, ruwan alwala bai bushe a fuskarta ba.

Inna Tasalla ta dube su.

"Ashe da saura," in ji ta. "To ku ji. Ranar da na mutu, da ruwan nan za a yi mini wanka, tulu ɗaya, hannu ɗaya zai ɗebo. Wanda ya ɗebo, shi na yafe wa, kuma na damƙa yafiyar sauran biyun a bakinsa, su durƙusa su roƙe shi. Ni ba zan zaɓa ba. Unguwa ta zaɓa, tunda a gabanta aka kunyata ni."

Kwana goma sha ɗaya bayan nan ta rasu, da safe. Mata suka miƙo tulu zaure suka ce suna jira. Ga 'ya'ya uku a tsaye, kowa ido ya yi ja. Mai unguwa ya dubi liman, liman ya dubi dattawa, dattawa suka dube ni, wai ni ne aminin ubansu. Ni da na taka hanjin, ni da na aika da sharata rafi a ranar, ni za a ce in auna kunyar wani? Haka aka damƙa mini tulun nan a hannu.

Ku duba da kyau kafin ku buɗe baki. Da Hashimu bai tare bakin rini ba, duk abin da aka share da safe zai koma shuɗi da yamma, kuma ya ba da sana'arsa da gadon 'ya'yansa. Da Jafaru bai shiga ƙazanta shi kaɗai ya kunyata mu ba, da har yau muna leƙe ta zaure, kuma ya ba da girmansa da yatsun ƙafarsa. Da Tukur bai tona wa kansa asiri ba, da busasshen kwari muka gyara, kuma ya ba da gidansa da mutuncin maganarsa, alhali ba wanda zai taɓa kama shi. Kada kuma ku manta, ukun nan su ne kan gaba wajen kashe rafin tun farko.

Gawa ba ta jira, rana tana ɗagawa, mata sun sake aiko a ce ruwa suke jira. Ga tulu a hannunku. Hashimu, Jafaru, ko Tukur: wa za ku miƙa wa, sauran biyun su durƙusa masa?