Hancin Iya Baiwa da Kwalbar Man Kifi

Akwai wata dattijuwa a Matamaye mai suna Iya Baiwa. Shekara arba'in tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma in ka buɗe mata kwalbar mai ta shinshina sau ɗaya, za ta faɗa maka ko na jiya ne ko na bara.

Ɗanta Hashimu malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Mutumin kirki ne, ba na ƙi ba, sai dai yana da ciwon nan na wasu 'yan boko: duk abin da ba a rubuta a takarda ba, a wurinsa hira ce.

Hashimu yana da 'ya guda, Zuhra, 'yar shekara huɗu, siririya. Wata rana ya dawo daga Damagaram da wata baƙar kwalba da ya saya a hannun mai tallan magani a tasha. Ya ce man hantar kifi ne na ƙasar Turai, wanda ake tsimawa wata da watanni, yana ƙara wa yara ƙiba da basira. Kullum da safe sai ya toshe wa yarinya hanci ya ɗura mata cokali guda.

Kafin sati biyu Zuhra ta fara amai da zawo. Ta daina cin tuwo, idanunta suka faɗa. Uwarta Mas'uda tana kuka a ɓoye, ba ta iya musa wa mijinta.

Da Iya Baiwa ta zo duba jikarta, ta tarar da ita kwance a tabarma, ko gaisuwa ba ta iyawa. Hankalinta ya tashi ƙwarai. Ta sa aka miƙo mata kwalbar, ta buɗe, ta kai hanci, ta kau da kai.

Ta ce, "Hashimu, man nan ya lalace."

Ya yi murmushi ya ce, "Iya, haka warinsa yake. Mai sayarwa ya yi mini bayani. Kamar daddawa ne, sai ta yi wari take yin amfani. Wannan harkar ilimi ce, ba ta ƙuli-ƙuli ba."

Maganar ta sosa mata rai, amma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kalwa ce ke zama daddawa, ɗana. Mai ba ya zama daddawa. In ya ga rana da iska ya daɗe, ɓaci yake yi."

Ya ce aman ma alama ce maganin na aiki. Ku ji fa.

Iya ta koma gida. Da la'asar sai ga ta da wata tsohuwar kwalba, man gyaɗarta ne da ya ɓaci tun bara, wanda ta ajiye don shafa wa ƙyauren ƙofa. Ta zauna gaban Hashimu, ta cika cokali biyu, ɗaya da man gyaɗarta, ɗaya da man kifinsa.

Ta ce, "Shinshina wannan. Za ka ba 'yarka?"

Ya yamutsa fuska ya ce, "Allah ya kiyaye."

"To shinshina naka. Ka bar ƙarnin kifin, ka ji abin da ke ƙarƙashinsa."

Ya shinshina. Warin nan ɗaya ne, mai hawa kai.

Sai ta yi masa tambayar da ba wanda ya taɓa yi masa. "Kai ka taɓa sha?"

Bai taɓa ba. Sati biyu yana ɗura wa yarinya abin da ko lasa bai yi ba. Don kada ya ji kunya gaban matarsa, ya kai cokalin man kifin baki ya haɗiye. Nan take maƙogwaronsa ya ɗauki raɗaɗi, hawaye suka zubo, ya ruga bayan ɗaki. Muna iya cewa malam ya ɗauki darasi a tsugune.

Da ya dawo sai ya saɓa Zuhra a kafaɗa, Iya ta riƙo kwalbar, suka nufi asibiti. Likita ya duba kwalbar ya ga babu ranar da aka yi ta, babu ranar ƙarewarta. Ya ce akwai man kifi mai kyau, amma wannan ya lalace, kuma ko mai kyan ba a ba yaro sai da awo. Ya sa wa Zuhra ruwa, ya tambayi wanda ya gano matsalar.

Hashimu ya nuna mahaifiyarsa a gaban kowa ya ce, "Ita ce. Ta faɗa mini, na raina ta. Iya, ki yafe mini."

Kwana biyar bayan haka, Iya Baiwa na tsakar gida tana matsar mai, sai ga Zuhra ta shigo da gudu, da ƙafafunta, tana cewa a ba ta tuwo yunwa take ji. Tsohuwa ta rungume ta ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Darasi: Kada takardar makaranta ta sa ka raina wanda ya ƙware a sana'arsa, kuma kada ka ba ɗanka abin da ba ka san asalinsa ba, komai daɗin bakin mai talla. Ka tambayi likita tukuna. Ku tura wa iyayen yara da kuka sani, wataƙila akwai irin kwalbar nan a ɗakinsu.