Bugu Uku a Bakin Ƙwarya

Akwai wani soja ɗan Roni, Kofur Jalaluddeen, shi ke riƙe da na'urar sadarwa a wani sansani can cikin daji, inda wayar hannu ba ta da amfani sai haska fitila. Duk safiyar Juma'a yakan haɗa sojoji da iyalansu ta wayar tauraron ɗan'adam, kowa minti uku.

Jalal fa akwai iya aiki, amma akwai jin kai. Agogo a hannu, fuska a murtuke, kai ka ce mintocin nan gadon gidansu ne.

Cikin masu bin layi akwai Daudu, Bafulatani daga wata ruga a gefen Gwiwa. Shi in an miƙa masa waya sallama kawai yake yi, sai ya lumshe ido, ya yi shiru har lokacinsa ya cika.

Ran nan haƙurin Jalal ya ƙare, ya katse layin tun ba a ci minti ɗaya ba.

"Kai Daudu, barci ka zo yi? Masu bakin magana na jira!"

"Yi haƙuri, Oga," in ji Daudu. Ya juya idonsa cike da ƙwalla.

Da Juma'a ta zagayo, Jalal ya maƙala abin sauraro a kunne, wai sai ya ji abin da ake ɓata wa mutane lokaci a kansa.

Sai ya ji kukan kurciya. Ya ji saniya na kiran ɗan maraƙinta, nono na zuba cikin ƙwarya, iska na kaɗa ganyen dawa. Bai san sanda shi ma ya rufe ido ba. Sai ga shi a gindin duwatsun Roni bayan an ɗauke ruwa, ƙasa na ƙamshi, matarsa Ikilima na shanya a tsakar gida.

Can ya ji an bugi ƙwarya: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Daudu ma ya ƙwanƙwasa bakin wayar sau uku.

"Mene ne wannan?" in ji Jalal.

"Innata ce, Oga. Shekara biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke mata magana. Addata, wato yayata, ke kai mata waya wurin tatsa. Bugu uku na nufin tana lafiya, kuma ta sa min albarka. Satin da ya wuce ban kai ga jin su ba."

Wallahi kunya ta kama Jalal kamar ƙasa ta tsage ya shige. Daga ranar, cikin nasa mintocin yake yankar wa Daudu.

Wata Talata Daudu na can wurin sintiri, sai ga kiran Addarsa ya shigo wayar Jalal, tana kuka. Jikin Inna ya rikice, sai laluben ƙwarya take yi.

Da gudu Jalal ya nemo izinin kwamanda. Ya haɗa bakin wayar da bakin oba-oba, rediyon da ake magana da 'yan sintiri, ya riƙe su gam da hannu biyu.

"Daudu, kana ji na? Ga Inna."

Ƙwas. Ƙwas. Can da ƙyar na ukun ya zo. Daga cikin daji aka ji Daudu ya bugi hular kwanonsa sau uku. Kafin la'asar Inna ta cika.

Bayan wata bakwai motar su Jalal ta taka nakiya. Ya farfaɗo a asibiti maƙogwaro a naɗe, likita ya ce batun magana sai abin da Allah ya yi.

Labari kuwa ya isa Roni a karkace, wai babu wanda ya fita da rai. Ikilima ta daina cin abinci, ko da aka ce mata yana raye, ta ce ba ta yarda da maganar kowa ba sai ta ji shi da kunnenta. To ga waya, ga miji, amma ina murya? Jalal na kwance hawaye na bin kunnuwansa.

Ana haka sai ga Daudu ya shigo. Ya ɗauko kwanon sha ya kife a kan gadon, ya ajiye waya kusa da shi.

"Matar Oga, Daudu ne. Ya taɓa ba ki labarin Innata, ko?"

"Ya ba ni," in ji Ikilima.

"To, kasa kunne."

Jalal ya ɗaga yatsa ya bugi kwanon sau uku. Can daga Roni, sai suka ji ludayi ya sauka a bakin tukunya: ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Darasi: Kada ka raina shirun ɗan'uwanka alhali ba ka san abin da yake saurare ba. Tambayi dalili kafin ka yanke hukunci, in kuma ka gane kurenka, gyara tun da sauran dama, don alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Jama'a, ku tura wa wasu su ma su karanta, musamman masu ɗan'uwa a bakin daga. Allah ya dawo mana da su gida lafiya.