Ƙarfen da Liatu Ta Tsinta a Dilar Gwanjo

Akwai wata baiwar Allah a Bauchi mai suna Liatu, 'yar Tafawa Ɓalewa, tana sayar da gwanjo a Yelwa. Kun san al'adar 'yan gwanjo: ranar fasa dila laluben aljihu ake fara yi, abin da ka samu rabonka ne.

Wata Talata ta fasa dilar rigunan sanyi, sai ta ji wani abu mai tauri an ɗinke a shafin wata tsohuwar kwat. Ta farke. Ɗan ƙarfe ne mai suna da lamba, irin wanda sojoji ke ratayawa a wuya, tare da hoton wani saurayi da ko gemu bai fara ba.

Maƙwabcin rumfarta Sabitu, sarkin tsokana, ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai wasu na tsintar dala, ita ta tsinci murfin gwangwani, ta ba 'yan jari-bola kawai.

Abin da bai sani ba, ƙanin Liatu, Joel, soja ne. Shekara tara da rasuwarsa a fagen fama, ko maɓallin rigarsa bai dawo gida ba.

Ta ce, "Sabitu, wannan ba rabo ba ne, amana ce. Wadda ta ɗinke shi tana can tana nema."

Ta kai wa Malama Humaira, malamar jami'a da ke sayen kaya a wurinta, ta duba ta ce na sojan Amurka ne, suka shiga aika saƙo ko'ina. Wata bakwai shiru. Sabitu kuwa kullum sai ya tsokani Liatu, ya tambayi "Madam Amurka" ko biza ta fito.

Rannan sai ga amsa. Ashe saurayin Walter ne, sojan kundumbalar ruwan Amurka, wanda aka kashe a wani tsibiri a yaƙin duniya na biyu yana ɗan shekara sha tara. Ba a kawo gawarsa ba. Ƙarfen nan kaɗai abokinsa ya kawo wa uwarsa. Ƙanwarsa Doris, yanzu tana da shekara tamanin da takwas, ita ta ɗinke shi a kwat ɗinta. Da aka mai da ita gidan tsofaffi, jikoki suka yi kyauta da kayanta ba su sani ba. Tun ranar take roƙon Allah kada ta mutu ƙarfen bai dawo ba.

Liatu ta aika shi tare da labarin ƙaninta Joel, ya iske tsohuwar da ranta.

Da ranar tunawa da sojoji ta zo a garinsu Doris, aka kira Liatu ta bidiyo, ana la'asar a Yelwa. 'Yan kasuwa suka yi cincirindo. Wa ya riƙe wayar? Sabitu!

Aka kira sunan Walter, aka busa begila. Sai tsohuwar ta miƙe da sandarta, ƙarfen na wuyanta, Malama Humaira na fassarawa.

"Saura suna ɗaya. Joel, ƙanin Liatu, daga Nijeriya."

Jama'ar can Amurka suka miƙe tsaye, tsofaffin sojoji suka sara. Liatu ta fashe da kuka, matan kasuwa suka rangaɗa guɗa. Wallahi ni ma da na ji sai da na yi ƙwalla.

Sabitu ya share ido da hannun riga ya ce, "Yaya Liatu, ki yafe mini. Yau Joel ya dawo gida."

Darasi: Abin da ka raina a hannunka, wataƙila shi wani ke kuka a kansa. Ka riƙe amanar wanda ba ka sani ba, Allah zai tuna da naka. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda nasu ya tafi fagen fama bai dawo ba.