Rumbun Mailafiya da Baƙin Bakin Daji

Akwai wani ma'aikacin hukuma a Birnin Gwari, zamanin Turawa, ana ce masa Mailafiya.

Wata shekara fara ta cinye gonaki a arewa, mutane suka gudo a ƙafa da 'ya'yansu a goye. Hukuma ta yi musu bukkoki a bakin daji, aka sa Mailafiya ya riƙa auna musu dawa kowace safiya.

Bayan wata biyar, Baturen yankin ya kira shi. Ya ce kuɗin da aka tanada don gyaran hanya da sayen magani duk ya tafi a ciyar da baƙi, mutanen gari ma sun fara gunaguni. Don haka a tashi sansanin kafin damina.

Mailafiya ya roƙa a ba su fili wajen Kazage su noma. Bature ya yarda, amma ya ce daga ranar hukuma ba za ta ƙara ba da ko mudu ɗaya ba.

Saura wata huɗu kafin kaka. Mailafiya ya dawo gida ya buɗe wa baƙin rumbunsa.

Matarsa Huraira ta tsaya tana kallonsa, ta ce, "Malam, mu fa?"

Ya ce, "Ni na ce su zauna, Huraira. Ba zan iya kallonsu suna binne yara ba."

Gidansa ya koma cin abinci sau ɗaya a rana. Ya sayar da jakinsa. Duk da haka tsofaffi uku suka rasu a cikin baƙin. Yana taya su saran daji zazzaɓi ya kama shi, jikin kuma ba ƙarfi. Dawa na fara fitar da kai, Mailafiya ya cika.

Huraira na cikin takaba aka yi sallama. Dattijon baƙin ne, Dabo, da mutane a bayansa, kowa da damin dawa a ka. Suka jibge a tsakar gida.

Sai Dabo ya ce, "Baiwar Allah, ba biya muka zo yi ba. Mun so ya gani da idonsa ne."

Huraira ta rufe fuska da mayafi.

Darasi: Ɗaukar nauyin wanda ya rasa gida yana da tsada, amma rai ya fi kowace dukiya, kuma alheri yakan iske iyalinka ko bayan ranka. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.