Gonar Shayin da Aka Ce Ta Mutu

Akwai wata gwauruwa a ƙasar tuddai wadda mijinta ya rasu ya bar mata gonar shayi. Da iri ya shuka ta, ƙwaya ƙwaya, shi ya sa babu itace biyu da suka yi kama: wannan dogo, wancan gajere, wani ganyensa sai ka ce kunnen ɓera. Maƙwabta tuni suka tumɓuke irin wannan, suka dasa rassan da aka yanko daga itace guda, masu saurin ba da ganye. Gonarta ta zama abin ba'a.

Sai aka yi fari mai tsanani. Kowa ya ci gaba da tsinke ɗan tohon da ya saura don a samu na tuwo. Ita kuwa ta ƙi taɓa nata, gama mijinta ya sha gaya mata cewa itace mai jin ƙishi ba a ƙwace masa ganye. Ta sha wuya, ita da 'ya'yanta. Duk da haka shayin ya zubar da ganyensa tas.

A al'adar garin, gonar da ta mutu a hannun gwauruwa ga dangin miji take komawa. Ƙanin mijin kuwa da ma ya daɗe yana haɗiyar yawu. Ya zo da dattawa da masu diga, ya ce a tumɓuke itatuwan a yi makamashi, zai shuka masara.

Tsoro ya kama ta, amma ta tsaya a gaban diga. Ta kama reshe, ta kankare ɓawon da farce, sai ga shi kore shar a ciki.

Ta ce, "Ƙanena, tsirara yake, bai mutu ba. Mai son tone shi sai dai ya fara da ni."

Dattawa suka ce a jira ruwan farko. Da ruwa ya sauka, shayin maƙwabta bai motsa ba. Itatuwan nasu uwarsu ɗaya, saiwarsu a sama-sama, ƙishi ɗaya ya kashe su tare. Na gwauruwar kuwa, da yake daga iri ya fito, saiwarsa ta nutsa can ƙasa inda laima take. Waɗansu sun bushe, amma yawanci suka toho. Gona ta tsaya a hannunta.

Ma'anar misalin nan ita ce, saiwa bangaskiya ce, ba a ganinta daga bakin hanya. Fari shi ne gwaji: ciwo, rashi, tsanani saboda sunan Ubangiji. Masu diga su ne waɗanda ke ganin ka rame su ce taka ta ƙare, har su fara rabon abin da ke naka. 'Yan'uwa, zubar da ganye ba mutuwa ba ce. Kada ka sa hannu a tone ka. Ka tsaya a gonarka, ka ce musu su jira ruwa, gama Mai ruwan bai yi magana ba tukuna.